Faɗin Yatsa Biyu

Shekara talatin da ɗoriya Mai Kalmasa ta yi a kan keken ɗinki, amma ba ta taɓa ɗinka wa kowa sabuwar riga ba. Ita aikinta gyara. Wando ya yi tsawo ta rage, siket ya yi yawa a ƙugu ta tsuke, zif ya mutu ta sa wani, aljihu ya huje ta toshe. Shagonta na ƙarƙashin matakalar wani tsohon bene a layin teloli, ɗan lungu ne wanda in ta miƙa hannun dama ta taɓo bango, in ta miƙa na hagu ta taɓo tulin kayan mutane. Masu manyan shaguna suna ta yankan yadi sabo dal, ita kuwa sai abin da ya riga ya sha jiki yake zuwa gabanta. Abin bai dame ta ba. Takan ce ƙari kowa ya iya, ragi ne sai mai hannu.

Akwai kuma wani aikin nata da ba a rubuta a allon ƙofar shago ba, mata ne suke gaya wa juna. In yaro ya maƙale wa wani tsumma, ko tawul ne, ko guntun bargo, ko tsohuwar rigar uwarsa, ba ya barci sai da shi, ba ya fita sai yana jan sa a ƙasa, to wurin Mai Kalmasa ake kai tsumman. Ba yaron ba, tsumman.

A kan ɗanta na fari ta gano dabarar, kuma ba da niyya ba. Yana da wani tawul da ya yi baƙi ƙirin don dauɗa. Ta taɓa ɓoye shi, yaron ya yi kuka kwana uku har muryarsa ta dushe, ta fito da shi da hannunta ta ba shi haƙuri. Wata rana da tsakar rana tana neman ɗan ƙyallen da za ta yi wa wani aljihu faci, ba ta samu ba, ga yaro yana barci, ga tawul a gefensa. Ta yanki siririn gefe. Da yake hannunta ba ya iya barin baki a sake, sai ta kalmashe inda ta yanka. Yaron ya tashi ya rungumi abinsa, ko a jikinsa. Mako na zagayowa ta sake yanka, wannan karon da gangan. Kafin wata biyar tawul ya koma kamar tafin hannu, yaron ya sa shi a aljihu, wata rana kuma ya manta shi a aljihun, aka wanke wandon da shi, bai ko tambaya ba.

Tun daga nan ta kafa wa aikin dokoki, kuma ba ta sassauta wa kowa. Faɗin yatsa biyu, sau ɗaya a mako, ba ƙari. Kowane yaro yana da kusurwar da yake murzawa ko yake tsotsa, wannan ba a taɓa ta, daga can nesa ake cin yadin ana matsowa. Ba a wanke tsumma ranar da aka yanke shi, ba a yi masa guga ko kusa. Zaren kalmasar ma tsoho take nema, wanda ya koɗe, don sabon zare yana da kaushi kuma yatsan yaro ya fi idon uwarsa gani. Uwa takan kawo tsumman a ɓoye cikin jaka yayin da aka ɗauke wa yaron hankali a gida, ta tsaya a ƙofa tana leƙen hanya kamar mai sayar da kayan sata, a yi minti goma a gama.

Wasu sukan ce, "Iya, ki ɗan ƙara mana, na gaji da ganin ƙazantar nan."

Sai ta ce, "Ke kika gaji, shi bai gaji ba. Sannu ba ta hana zuwa."

Iyayen yara masu fida, wato kwalbar shan madara, da na masu robar tsotso ma sukan zo, wai ko tana da dabara. Takan girgiza kai ba tare da ta tsayar da keke ba. "Roba ba ta kalmasuwa, 'yar nan. Ki je ki yi haƙuri da kukansa, ni ba ni da almakashin wannan."

Ta haifi biyar, ta raine su a wannan lungun ɗaya bayan ɗaya, mijinta ya rasu ta ƙarasa aikin ita kaɗai. Da ta aurar da Auta, 'yarta ta ƙarshe, ta ɗauka ta sauke. Gwiwoyinta sun fara ƙara in ta tashi, allura kuma sai ta fito bakin ƙofa wurin haske kafin zare ya shiga. Burinta bai wuce ta rufe shago da la'asar ta je ta miƙe ƙafa, ba mai kiran sunanta.

Sai auren Auta ya mutu, ta dawo da yaro a baya. Bayan 'yan watanni ta samu aiki a wata masana'antar takalma a wani birni mai nisa, tafiyar yini guda a mota, inda mata huɗu suke zama ɗaki ɗaya, ba a yarda da goyo ba.

"Wata uku kawai, Inna. Ina samun ɗakina zan zo in ɗauke shi."

Ranar da za ta tafi, yaron yana da wata goma sha huɗu. A tasha ya ƙanƙame kan uwarsa, da aka ɓamɓare shi sai kallabinta ya biyo hannunsa, wani kore mai ɗigon fari. Direba yana ta danna oda. Auta ta ja mayafi ta rufe kanta ta shiga mota, kallabi ya zauna a hannun yaro. Wata uku ya zama shida, shida ya zama shekara da rabi, kallabin bai bar hannun nan ba. Ya sa masa suna nini. Da nini ake cin abinci, da nini ake zuwa shago, ranar da aka wanke nini kuwa a gindin igiya yake tsayawa har ya bushe.

Shi kuma Mai Kalmasa ta sa masa Maigida, don ba abin da ya iya sai ba da umarni, kuma bai taɓa kawo cefane ba. Ta shimfiɗa masa katifar jarirai a cikin wani babban kwali ƙarƙashin teburin yanka, daidai ƙafarta ta hagu, nan yake barcin rana. In ya tashi kuma sai abin da Allah ya yi. Ya ci alli, ya warware kwarkwaro, ya taɓa zuba mata maɓallan wata rigar mutane a cikin kofin shayi. Tana ɗinki ido ɗaya a kan allura ɗaya a kansa. Ta gaji, gajiya irin wadda barci ba ya ɗaukewa, kuma ba ta ɓoye wa kowa ba. Takan faɗa wa Mai Maɓalli, tsohon da yake da teburin zare da zif da maɓallai a bakin matakalar, wanda suka shekara ashirin suna maƙwabtaka suna tsokanar juna.

"Ranar da uwarsa ta zo ta ɗauki kayanta, sai na yi barcin kwana biyu."

"Uhm," in ji shi. "Allah ya nuna mana."

Auta takan kira ta bidiyo ranar hutunta. Da Maigida ya ji muryarta sai ya ruga ya jawo nini ya ɗaga wa wayar da hannu biyu, yana tsalle. Ba wanda ya koya masa. Auta ta yi dariya, wani lokaci kuma ta juya fuska gefe ta ce hoton ne yake yankewa.

Wata ranar hutu ta kira da murna a muryarta. Ta samu ɗaki nata ita kaɗai. Akwai kuma gidan renon yara kusa da masana'antar, sun ce za su karɓe shi nan da wata huɗu, sai dai suna da doka: ba fida, ba robar tsotso, ba wani tsumma daga gida, wai yara suna faɗa a kai kuma yana kawo cuta.

"Inna, ki raba shi da kallabin nan kafin in zo. Ke da kike yi wa 'ya'yan mutane."

Mai Kalmasa ta ce to. Ta ajiye wayar ta daɗe tana kallon kwalin da ke ƙarƙashin tebur.

"Wanzami ba ya son jarfa," in ji Mai Maɓalli, wanda kunnensa ba ya wuce zancen kowa.

"Ka ji da maɓallanka."

Washegari da azahar, da barci ya kwashe Maigida, ta sunkuya da kyar ta zare kallabin daga ƙarƙashin kumatunsa. Ta shimfiɗa a tebur. Koren ya koɗe, kusurwa ɗaya ta yi laushi ta yi duhu saboda murza. Ta kai shi hanci, ba ta san me take nema ba. Babu ƙamshin Auta ko kaɗan, sai warin yawu da madara da ƙurar shago. Duk da haka sai da ta ɗauki almakashi ta ajiye sau biyu. Tsumman mutane ba ta taɓa tambayar daga ina suka fito ba, wannan kuwa a gabanta aka cire shi daga kan mai shi. Ta ɗora yatsa biyu, ta ja alli, ta yanka gefe biyun da suke nesa da kusurwarsa, ta kalmashe da tsohon zare. Siraran ƙyallen ba ta jefa su cikin buhun yanke-yanke ba, ta naɗe ta tura cikin aljihun keke.

Ya tashi ya lalubi kusurwarsa ya same ta. Aiki ya yi kyau, ita kuwa ranta babu daɗi har ta rufe shago.

Haka aka tafi mako bayan mako. Nini ya daina jan ƙasa. Ya daina rufe masa ciki in ya kwanta. Ya koma kamar hankici, har Maigida ya fara ajiye shi a kan kujera ya tafi wasa da kwarkwaro, sai can ya tuna ya dawo. A mako na tara Auta ta kira. Yaron ya ɗago kai ya dubi wayar, ya dubi kakarsa, ya ci gaba da jera kwarkwaronsa a ƙasa.

"Maigida, zo ka gaida Mama. Ina nini? Kawo ka nuna mata."

Bai tashi ba. Auta ta ce, "Ƙyale shi, Inna, wasa yake." Suka yi zancen ɗaki da labule da kuɗin mota, suka yi sallama da wuri.

Mai Maɓalli ne ya fara faɗa da baki, wata rana da ya leƙo karɓar aron almakashi.

"An gudu ba a tsira ba. Dubi hagunki."

Ba ta duba ba, don ta fi mako biyu da sani. Tana da wani tsohon zani ruwan ƙasa da take ɗaurawa a kan kayanta in ta zo shago, saboda zare da garin alli. Haɓarsa takan sauka ta gefen hagu, daidai bakin kwali. Yanzu in Maigida zai yi barci, nini yana can gefe a yashe, hannunsa yana kan haɓar zanin nan yana murzawa. Tana taka keke zanin yana motsi, hannun yana bin sa sama da ƙasa har ido ya rufe. In ta tashi ɗauko wani abu sai ya farka.

Ta gwada canza zani. Ya kama sabon, ya shinshina, ya saki. Ya yi ta juyi a kwali yana ƙananan koke-koke, daga ƙarshe ya miƙo hannu ya riƙe idon sawunta, ya yi barci a haka. Ta zauna sa'a guda ba ta taka keke ba, wandon wani malamin makaranta yana jiran ta a ƙarƙashin allura. Ƙafa ma ba ta kalmasuwa. Washegari ta mayar da tsohon zaninta.

Ranar da wata huɗu ya cika nini bai fi tafin hannun yaron ba, kuma ya kwana uku a bayan keke ba wanda ya neme shi. Auta ta iso da hantsi, kai tsaye shago ta zo da jakarta. Ta rame, ta yi haske irin na wanda ba ya ganin rana. Ta durƙusa a bakin ƙofa ta buɗe hannu.

Maigida ya dube ta sama da ƙasa, ya zagaya bayan kakarsa ya cusa fuska cikin zani.

Auta ta kawo masa motar wasa mai jan zare da takalmi daga masana'antarsu. Ya karɓi motar ta hannun kakarsa. Takalmin ya yi masa kaɗan, da ƙafar bara ta auna. Kwana biyu ana haka. In ta ba shi abinci ya kawar da kai, in ta ɗauke shi ya sandare ya zame. Ba ya kuka, da ma kukan ya yi da ya fi sauƙi. Kallon baƙuwa kawai yake mata, irin kallon da yake yi wa masu kawo gyara.

A rana ta biyu da azahar Auta tana zaune a kan tulin kayan mutane, yaron yana barci hannunsa a haɓar zani, ta ce, "Inna, ina kallabina?"

Mai Kalmasa ta laluba bayan keke ta miƙa mata. Auta ta juya ɗan ƙyallen a hannu. Ɗigon fari uku ne suka rage a jiki, kalmasar kuwa ko ina daidai, ba zare ɗaya da ya fita layi. Da yaron ya tashi ta miƙa masa.

"Ga nini. Ka tuna? Na Mama ne."

Ya karɓa, ya duba, ya je ya jefa cikin buhun yanke-yanke, don an koya masa nan ake zuba guntayen ƙyalle.

"Kin iya aiki, Inna," in ji Auta.

"Ke kika ce in yi."

"Ni na ce."

A waje wani yana cinikin zif da Mai Maɓalli. Auta ta share fuska da gefen mayafi.

"Ko in bar shi? Ya fi sabawa da ke. In ya ƙara wayo..."

Mai Kalmasa ta ji amsa biyu sun taso mata tare. Gwiwoyinta suna cewa a tafi da shi yau ma, ƙirjinta yana cewa a bar shi har abada, ko da alli zai cinye mata duka. Ba ta taɓa sanin za ta ji tsoron kwalin nan babu kowa a ciki ba sai yanzu. Amma ta ga yara da yawa, ta san yadda ƙarin 'yan watanni yake ƙara nisanta yaro da uwarsa.

"Wayon da zai ƙara ba naki ba ne. Gobe za ku tafi."

Da safe ta zo shago da su, wai za ta ɗauki wani abu kafin su wuce tasha. Ta buɗe, ta ɗaura tsohon zaninta kamar kullum, Maigida ya zo ya kama haɓa. Sai ta kwance shi a hankali, hannun yaron yana jiki, ta zagaya da shi ƙugun Auta.

"Ɗaura. Haɓar ta sauka ta hagu."

"Inna, duk garin alli ne."

"Kar ki kakkaɓe. Kar ki wanke sai ya yi mako biyu, in kin wanke kuma ban da guga."

Auta ta ɗaura a kan doguwar rigarta. Maigida ya dubi zanin, ya ɗaga kai ya ga fuskar da ke samansa ba ita ba ce, ya waiwayi kakarsa. Leɓensa ya fara rawa. Amma bai saki ba, babban yatsansa yana ta murza wurin da ya saba.

"Sun ce ba a zuwa da tsumma," in ji Auta.

"Ba can zai je da shi ba. Ke za ki riƙa ɗaurawa in kun dawo gida, ki zauna kusa da shi ki riƙa kaɗa ƙafa. In ya yi wata guda ya san ƙafarki, sai ki fara ragewa. Daga wancan gefen, ban da inda hannunsa yake." Ta jawo aljihun keke ta ɗauko ƙaramin almakashi da kwarkwaron tsohon zare ruwan ƙasa ta sa mata a jaka. Naɗin koren ƙyallen yana nan a lungun aljihun, ta mayar ta rufe. "Ki lanƙwasa baki sau biyu, ki bi da allura ƙanana-ƙanana. Faɗin yatsa ɗaya, sau ɗaya a mako."

Auta ta dubi zanin, yadi biyu cur, har yana taɓa ƙasa.

"Yatsa ɗaya? Ba biyu kike cire wa mutane ba? Wannan ai sai ya fi shekara bai ƙare ba."

Mai Maɓalli, wanda in bai ji dokar yatsa biyu ba ya ji ta sau ɗari, ya sunkuyar da kai yana tsintar wani abu a cikin maɓallansa.

"Wannan yadin ba ya son gaggawa," in ji Mai Kalmasa. "Ɗaya na ce. Kar ki wuce."

Ba ta raka su tasha ba, ta ce akwai wandon da za a zo karɓa da azahar. Ta tsaya a bakin matakala tana kallon su suna bin layin teloli, Auta da jaka a kafaɗa tana tafiya sannu-sannu, yaron a hagunta riƙe da haɓar zani, yana 'yan taku yana waiwaye. Da suka sha kwana ta koma ciki ta zauna. Ta ɗauki allura da zare, ta daɗe tana gwadawa bai shiga ba, ta fito bakin ƙofa wurin haske, nan ma bai shiga ba.

Mai Maɓalli ya miƙo hannu, ta ba shi ya zura mata.